Nilu ko Bahar Rum: Yadda Aka Zaɓa wa Baffa da Umma Jirgi

A tsakiyar shekarar 2024 'ya'yan baffana su huɗu suka haɗa kuɗi domin su kai iyayensu hutu, irin hutun da ba na ganin likita ba ne, ba kuma na aikin Hajji ko Umara ba, waɗanda su kaɗai ne dalilan da suka taɓa fitar da tsofaffin biyu daga ƙasa. Baffa yana da shekara 67 a lokacin. Ya yi shekara 35 yana koyar da tarihi da labarin ƙasa a makarantun sakandare kafin ya yi ritaya, yana kuma ɗauke da ciwon sukari da hawan jini waɗanda magani ya riƙe su daidai gwargwado. Matarsa, wadda muke kira Umma, ta ɗan ba shekara 60 baya, kuma damuwarta ita ce gwiwar dama, wadda ta kai ta ga yin nafila a zaune, wani lokaci har da farilla. Tun farko an amince cewa a jirgin ruwa za a yi tafiyar, saboda wanda ya shiga jirgi sau ɗaya yake kwance kayansa, ɗakin kwanansa kuma yana bin sa daga gari zuwa gari, ba sai tsoho ya yi ta jan akwati daga wannan otal zuwa wancan ba. Inda kai ya rabu shi ne a kan wane ruwa za a bi.

Babban ɗan, wanda duk muke ce wa Yaya, ya taɓa shiga ɗaya daga cikin manyan jiragen da suke zagaya yammacin Bahar Rum tare da iyalinsa, kuma tun daga lokacin bai gaji da ba da labarin ba. Abin da ya kawo shi ne tafiyar kwana bakwai wadda take tashi daga Basalona, ta tsaya a Marsel ta Faransa, ta wuce Jenowa da Civitavecchia inda ake sauka a tafi Roma, ta taɓa tsibirin Sisili da Malta, sannan ta yini guda a tsakiyar teku kafin ta koma inda ta taso. Ƙanwar da take bi masa, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta kawo tafiyar Kogin Nilu tsakanin Luksor da Aswan a kudancin Masar, tazarar da ta ɗan haura kilomita 200, wadda jirage suke yi cikin kwana huɗu idan sun nufi kudu suna saɓa wa ruwa, ko kwana uku idan sun biyo shi zuwa arewa. Hujjarta ita ce wadda kowa yake maimaitawa a wannan harka, wato kogi na dattawa ne, teku kuma na masu ƙananan yara da masu son hayaniya. Ni kuma an sako ni cikin maganar ne domin na yi shekaru a ofishin sayar da tikiti da shirya tafiye-tafiye, kuma ba ni da ko sisi a cikin kuɗin da aka tara, saboda haka kowa ya ɗauka ba zan goyi bayan kowa ba.

Abu na farko da na nemi su fahimta shi ne cewa sunan jirgin ruwa ne kawai ya haɗa abubuwan biyu. Jirgin teku mai suna Icon of the Seas, wanda ya fara ɗaukar fasinja a Janairun 2024, tsawonsa mita 365 ne, kuma yana iya ɗaukar fasinja 7,600 ban da ma'aikata sama da 2,000. Wanda Yaya ya zaɓa bai kai shi ba, amma danginsa ne: mutum dubu biyar ko shida a cikin gini mai hawa kusan ashirin, da gidajen cin abinci, da dandalin wasanni, da kantuna, da wuraren ninƙaya, da gidan caca. Jirgin Nilu kuwa hawa huɗu ne ko biyar, ɗakunansa yawanci ba su wuce 80 ba, ɗakin cin abincinsa ɗaya, kuma kafin kwana biyu mutum ya san fuskar kowa. Wannan bambancin girma shi ne yake tsara yadda rana take wucewa. An gina babban jirgin teku ne domin shi kansa ya zama wurin da aka je, garuruwan da yake tsayawa kuma su zama ƙari. Jirgin kogi kuwa gado ne da teburin abinci da ake ja daga wannan abin kallo zuwa wancan, kuma duk abin da aka biya kuɗi domin a gani yana kan tudu.

Kafin a kai ga wannan, sai da batun biza ya kusan rufe maganar gaba ɗaya. Sifaniya da Faransa da Italiya da Malta duk suna cikin yankin Shengen, don haka mai fasfon Najeriya biza ɗaya yake bukata, amma samunta aiki ne. Kuɗinta ya koma Yuro 90 tun watan Yunin 2024, ana bukatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, da bayanin asusun banki, da shaidar masauki da tikiti, sannan mai nema ya je da kansa a ɗauki hoton yatsunsa. Idan aka hana shi, kuɗin bizar ya tafi, kuma abin da kamfanin jirgi yake riƙewa idan an fasa tafiya yana ƙaruwa ne gwargwadon kusantowar ranar tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma mu a watan Yuli muke maganar tafiyar Nuwamba. Masar ma sai da biza, da katin allurar shawara, amma akwai jirgin sama daga Kano zuwa Alƙahira kai tsaye, daga can zuwa Luksor kuma tafiyar kimanin awa ɗaya ce. Wannan dalilin ne ya sa aka yi saurin ajiye shawarar da autansu ya kawo ta bin Kogin Danub daga Budapest zuwa Biyana: bizar ita ce dai ta Shengen, kuɗin ya fi yawa nesa ba kusa ba, ga kuma abin da ya faru a 2018 da 2022, lokacin da fari ya sa ruwan kogunan Turai ya ja baya har wasu fasinjojin suka ƙarasa tafiyarsu a cikin bas.

Sai dai ban yarda biza ta yanke hukuncin ba, domin Yaya ya faɗi gaskiya da ya ce akwai manyan jirage da suke tashi daga Dubai da Abu Dabi da Doha a lokacin sanyi, waɗanda ba ruwansu da Shengen. Da an tsaya a kan biza, da an zaɓi Nilu ne don tsoron ofishin jakadanci, ba don ya dace da tsofaffin ba, kuma da maganar ta sake tasowa duk ranar da wani abu ya faru a hanya.

Abin da na yi shi ne na ɗauki takarda biyu, na rubuta yadda rana ɗaya take wucewa a kowane jirgi daga asuba zuwa isha'i, na kai wa Baffa da Umma, domin na lura duk gardamar 'ya'yan ne suke yi a waya, su kuwa masu tafiyar ba wanda ya tambaye su. A takardar teku na ɗauki ranar Roma. Jirgi yana isa Civitavecchia da safe, wadda take kimanin kilomita 80 daga Roma. Fasinja ya sauko daga hawansa, ya bi layi a ƙofar fita tare da dubban mutane, ya shiga motar tashar, ya sake shiga bas ko jirgin ƙasa na sama da awa ɗaya, ya samu 'yan sa'o'i a birnin da mako guda ba ya isa a gan shi, sannan ya kamo hanyar dawowa da rana tsaka, domin jirgi ba ya jiran wanda ya fita yawon kansa ya makara. Amma akwai wata ranar a ɓoye cikin wannan ranar: mutum yana iya ƙin sauka ko kaɗan, ya yini a jirgin da ya rage mutane, ya ci abinci lokacin da ya ga dama, ya yi barcinsa, kuma babu abin da ya yi asara a cikin abin da ya biya, domin jirgin ya saya.

A takardar kogi na ɗauki ranar yammacin Luksor. Ana tada mutane tun kafin fitowar rana saboda a riga zafi, a yi karin kumallo a tsaitsaye, a shiga bas a ƙetare kogi zuwa Kwarin Sarakuna, inda aka haƙa kaburbura sama da 60 a cikin dutse, ciki har da na fir'auna Tutankhamun wanda Baturen Ingila Howard Carter ya gano a 1922. Tikitin shiga na kaburbura uku ne, kuma kowannensu rami ne mai gangara ko matakala wanda wanda ya sauka sai ya hau. Daga nan a wuce haikalin sarauniya Hatshepsut mai dogayen hawa a fili babu inuwa, a tsaya a gaban manyan gumakan Memnon, a koma jirgi da azahar, jirgi ya tashi zuwa Esna. Kashegari haka, jibi ma haka. Wanda duk ya ɗauka tafiyar kogi kwanciya ce bai karanta jadawalinta ba.

A nan ne hujjar ƙanwar ta fara rawa, kuma ita da kanta ta fara ganin haka, domin aikinta ne. Maganar cewa kogi na dattawa ne ta samo asali daga yawan masu furfura a cikin jiragen, da rashin kiɗa da hayaniya, ba daga sauƙin da suke wa ƙafa ba. Babban jirgin teku yana da lif da yawa, yana da ɗakuna da aka yi musamman domin masu keken guragu, benayensa a shimfiɗe suke, yana kuma da ƙaramin asibiti da likita da ma'aikatan jinya dare da rana, ko da yake ganin likitan ba kyauta ba ne. Yawancin jiragen Nilu ba su da lif. Ɗakin cin abinci yakan kasance a hawa na ƙasa, wurin shan iska a can rufi, ke nan mai ciwon gwiwa zai hau ya sauka sau da yawa a rana kafin ma ya taka tudu. Ga kuma wata al'ada da hotunan talla ba sa nunawa: saboda yawan jirage da ƙarancin gaɓa, sukan jeru ne gefe da gefe, uku ko huɗu ko fiye, wanda jirginsa yake can waje sai ya ratsa ta zauren sauran ɗaya bayan ɗaya, yana tsallake ratar da take tsakaninsu, kafin ya kai siririyar gadar da za ta sauke shi. Likita kuma ba ya kwana a jirgin, sai dai a kira shi daga gari mafi kusa. Idan gwiwar Umma da sukarin Baffa kaɗai za a duba, Yaya ne yake da gaskiya, kuma na faɗa masa haka a gaban kowa.

Amma ba gwiwa kaɗai Umma take da ita ba. Da na gama karanta mata takardar teku, ban samu tambaya a kan lif ko likita ba. Ta juya ga mijinta ta ce, "Malam, ni fa ruwan da ba a hango gaɓarsa ba zan kwana a kansa ba." Ga mutuniyar Kano da ba ta taɓa shiga ruwa ba, jirgin ruwa yana nufin kwalekwalen da ya kife a Bagwai a 2021 da irinsa da ake ji a Kebbi da Neja kusan kowace damina. Yaya ya yi ƙoƙari ya bayyana mata cewa waɗannan manyan jiragen suna da fikafikai a ƙarƙashin ruwa da suke rage tangaɗi, kuma tun bayan haɗarin Costa Concordia kusa da tsibirin Giglio a ranar 13 ga Janairu, 2012, inda mutum 32 suka rasu, aka tsaurara dokar koya wa fasinja yadda za su tsira tun jirgi bai yi nisa ba. Duk gaskiya ne, amma ambaton haɗarin bai taimaka masa ba. Ni ban ce mata Nilu ya fi teku aminci ba, domin tsoro irin nata ba lissafi yake warkar da shi ba, gani yake so. A tsakanin Luksor da Aswan babu inda gaɓa biyu suke ɓacewa daga ido, ruwan ba shi da igiya, kuma tun da aka kammala babbar madatsar Aswan a 1970 ambaliyar shekara-shekara ta ƙare, madatsar ce take auna ruwan da yake gangarowa. Sannan akwai batun wata: Nuwamba shi ne lokacin da zafin kudancin Masar, wanda yake haura digiri 40 a bazararsu, yake sauka, kuma shi ne lokacin da iskar arewa take fara tada ruwa a mashigin da yake tsakanin Basalona da Marsel. Matar da jiri yake kamawa a mota tsakanin Kano da Zariya ba ita za a kai can a wannan watan ba.

Baffa bai ce komai ba sai da aka gama. Sa'annan ya ce da ni, "Kai ɗan nan, shekara 35 ina zana wa yara kogin nan a allo, ina ce musu daga kudu yake gangarowa arewa, suna yi mini kallon wanda ya juya taswira. Gani ya kori ji." Ya ƙara da cewa an umarci mutum ya yi tafiya a bayan ƙasa ya ga yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance, kuma bai san inda ya fi ƙasar Fir'auna dacewa da wannan ba. Na ce, "Baffa, ku ne za ku yi ta hawa da sauka, kuma da asuba za a riƙa tada ku." Ya ce ai asuba ba baƙuwarsa ba ce. Daga wannan lokacin na gane cewa tafiyar mutum biyu ce masu bukata daban: ɗaya yana son tudu, ɗaya tana son ta zauna inda hankalinta zai kwanta. Tambayar ta koma wane jirgi ne zai ba kowannensu nasa a lokaci ɗaya. A teku, idan Umma ta ƙi sauka za ta yini tana kallon kwantenoni da injinan ɗaga kaya na tasha, idan jirgi ya tashi kuma sai ruwa zalla, abin da take gudu. A kogi, wanda ya ƙi sauka bai rasa kallo ba, domin gonakin rake da ayaba da dabino, da masunta, da yara masu kora shanu, duk suna wucewa ta gaban tagarsa.

Batun abinci da salla bai ɗauki lokaci ba, amma ya yi nauyi. A manyan jiragen Turai naman alade yana cikin abincin da ake jerawa kullum, kuma wanda yake son naman halal sai ya nema tun kafin tafiya a inda ake yin hakan, ko ya tsaya ga kifi da ganye. Jiragen Nilu ma suna da mashaya, kada a yaudari kowa, amma masu girkin da naman duk na ƙasar Musulmi ne, kuma kiran salla yana isowa daga ƙauyukan gaɓa. Alƙibla ma ba ta da wuyar ganewa, domin idan jirgi ya fuskanci kudu tana hannun hagu, ta ɗan karkata gaba, saɓanin jirgin teku da yake juya akalarsa cikin dare mutum yana ɗaki marar taga.

Kuɗi kuwa sun yaudari Yaya da farko. Farashin da ake tallata jirgin teku da shi na ɗakin ciki ne wanda ba shi da taga, kuma bai haɗa da tukuicin ma'aikata da ake ɗora wa kowane fasinja kowace rana ba, da lemo da ruwan roba, da intanet, da yawon garuruwa, wanda shi ne mafi tsada. Farashin Nilu da muka samu ya haɗa da abinci sau uku, da jagora, da motar yawo, da tikitin manyan wurare, sai tukuicin da Misirawa suke kira bakshish, wanda ba ya ƙarewa amma ƙanana ne. Da aka ɗora tikitin jirgin sama zuwa Sifaniya a kan lissafin, ratar ta isa ta biya wa mutum na uku tafiyar Masar.

Wannan mutum na uku shi ne sharaɗina na farko: auta ya raka su, ya zama ƙafar Umma da ma'ajin magungunan Baffa. Sauran sharuɗɗan duk daga gwiwa suka fito. Aka zaɓi tafiyar kwana huɗu daga Luksor maimakon ta kwana uku daga Aswan, domin wuraren iri ɗaya ne amma an fi baza su. Aka nemi ɗaki a hawan da ƙofar shiga take, yadda matakala ɗaya ce kawai zuwa wurin abinci. Aka sayi inshorar da ta ƙunshi tsofaffin cututtuka, aka ɗauki wasiƙar likita da magani na ninkin kwanakin tafiya, aka kuma ja kunne a kan ruwan famfo da ɗanyen ganye. Abin da ya fi yi wa Baffa ciwo shi ne cire Abu Simbel, haikalin Ramses na Biyu wanda aka yayyanka aka ɗaga zuwa kan tudu tsakanin 1964 da 1968 ƙarƙashin jagorancin UNESCO don kada tafkin madatsa ya haɗiye shi. Yana kimanin kilomita 280 kudu da Aswan, ana tashi wajen ƙarfe huɗu na asuba, a yi sama da awa uku a mota zuwa, a yi irinta dawowa. 'Yarsa ta ce mai sukari ba zai yi wannan a ranar ƙarshe ta tafiya mai gajiya ba, ni kuma na goyi bayanta. An yi maganar dahabiya, wato ƙaramin jirgi mai filafilai da ɗakuna kaɗan wanda yake tafiya a hankali, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin abin da aka tara.

Sun tafi a watan Nuwamba. Jirginsu shi ne na huɗu a jeri a Luksor, don haka darasin ratsa zaure uku Umma ta fara ɗauka tun ranar farko, auta a gefe ɗaya, wani matuƙi a ɗaya gefen. Da suka shiga aka tarbe su da jan abin sha mai sanyi da ake kira karkade, ta kurɓa ta ce ai zoɓo ne, kuma auta ya ce daga wannan kofin ne ya ga kafaɗunta sun sauka. Daga baya ta tarar da miyar lalo da sunan mulukiya, da kuɓewa da sunan bamiya, da goruba a kasuwar Aswan. A haikalin Karnak da yake Luksor ta samu gindin ɗaya daga cikin ginshiƙai 134 na babban zauren ta zauna, Baffa kuwa ya bi jagora yana gyara masa shekaru. Da yamma suka yi magariba a masallacin Abul Hajjaj, wanda yake zaune a kan ginin haikalin Luksor, kuma har yau ana salla a cikinsa.

Kuskuren da aka yi nawa ne. Na lissafa matakalar jirgi da ta kaburbura, amma ban lissafa matakalar bas ba, wadda take da tsawo kuma ana hawa ana sauka sau shida ko fiye a safiya ɗaya, ban kuma hana Umma bin ayari zuwa Kwarin Sarakuna kashegarin Karnak ba. Kabari ɗaya ta shiga, kafin azahar gwiwar ta kumbura. Da a jirgin Yaya ne, da lif zai kai ta wurin likita cikin minti biyar. A nan sai ƙanƙara daga madafa, da maganin shafawa, da 'yarta a waya tana faɗa wa auta abin da zai yi. Ba ta sauka a Edfu ba, inda ake zuwa haikalin Horus a keken doki mai wuyar hawa, ba ta kuma je haikalin Philae na Aswan ba, domin da ta ji cewa a ƙaramin kwalekwale mai inji ake ƙetarawa zuwa tsibirin sai ta ce an zo wurin.

Amma kwana biyun da ta yi a rufin jirgi da ƙafa a kan matashi su ne take ba da labarinsu har yau. A Esna, inda jirage suke bin layi su shiga wani akurkin ruwa mai ƙofa biyu a cika shi ya ɗaga su zuwa matakin kogin sama, 'yan tireda sukan matso a cikin ƙananan kwalekwale, su ɗaure a jikin jirgi, su riƙa jefo jallabiyoyi da mayafan tebur a cikin leda har hawa na sama, mai saye ya sa kuɗi a ledar ya jefa musu. Turawan jirgin suna ta ɗaukar hoto, ita kuwa Umma, da Larabcin kasuwar Makka da ta iya, ta zauna ta yi ciniki sosai har ta sauke farashin zuwa inda ta ga dama, daga baya matan ayarin suka riƙa kawo mata nasu cinikin. A Kom Ombo ta sauka, domin haikalin a bakin ruwa yake, 'yan taku ne daga jirgi, ta ga busassun kadojin da mutanen farko suka yi wa likkafani suka adana, ta yi ta salati. Baffa kuma ya tsaya a kan madatsar Aswan, kogi a hannu ɗaya, Tafkin Nasir a ɗaya hannun, auta ya ce ya daɗe bai yi magana ba.

Da suka dawo Yaya ya tambaye ni ko har yanzu ina ganin an yi daidai, ganin yadda gwiwar ta yi. Na ce masa da Umma a keken guragu take, ko da jikoki za a ɗauka, ko da sukarin Baffa ba ya jin magani, da jirginsa zan zaɓa ba tare da dogon tunani ba, in bi da su ta Dubai a watan Janairu. Bai gamsu gaba ɗaya ba, kuma yana da hujja, domin kumburin ya ɗauki makonni kafin ya sauka.

Baffa kuwa Abu Simbel bai fita daga ransa ba. A Aswan wani ya gaya masa cewa akwai wasu jirage kaɗan da suke tafiya a kan Tafkin Nasir, daga bayan madatsa har ƙofar haikalin, cikin kwana uku ko huɗu, ba bas ba tashin ƙarfe huɗu. Ya kira ni ya ce in bincika masa, na kuma tabbatar masa da cewa akwai su. Umma tana gefe tana ji, sai ta karɓi wayar ta tambaye ni ko a tafkin ma ana hango gaɓa. Na gaya mata cewa tsawonsa ya kai kimanin kilomita 500 har cikin Sudan, yana da faɗi ƙwarai a wasu wurare, kuma gaɓarsa hamada ce da duwatsu, babu gona babu ƙauye babu 'yan tireda. Ta ce to Malam ya tafi da auta, ita a sauke ta a Esna.